Takardar Harajin Haulatu

Duk wanda ya taɓa karɓar magani a wani ƙaramin asibiti da ke unguwar Al-Sadd a birnin Doha na Qatar zai iya tuna Haulatu Ja'afaru: doguwa, da tabarau a ƙarshen hanci, ba ta miƙa wa mutum magani sai ya maimaita mata yadda zai sha. 'Yar Gusau ce. A Zariya ta karanci haɗa magunguna, a can ta haɗu da Badaruddeen, suka yi aure, suka haifi 'ya ɗaya, Firdaus. Yarinyar na da shekara uku suka samu takardar zama a Kanada, suka sauka a Edmonton.

A can aka ce karatun Haulatu bai isa ba, sai ta sake jarrabawa. Sau biyu tana zama, sau biyu tana faɗuwa da ɗan maki kaɗan. Shekara biyar ta yi tana jera kaya a kanti. Da aikin Doha ya fito, Badaruddeen da bakinsa ya ce ta tafi.

"Shekara biyu ce kawai, Maman Firdaus. Ki yi aikin da kika karanta, mu rage bashin gidan da muka saya, ki dawo."

Biyu ta zama huɗu, huɗu ta zama shida. Ta kama ɗaki a unguwar Fereej Abdel Aziz, takan je Kanada sau ɗaya a shekara.

Qatar ba ta cire haraji a albashi. Amma tunda miji da 'ya da gida duk suna Kanada, hukumar can tana lissafa Haulatu cikin mazauna ƙasa. Don haka kowace shekara sai ta cike takardar haraji, ta biya abin da ya hau kanta kafin talatin ga Afrilu ta wuce. Abokan aikinta har dariya suke mata, wai tana shan zafin Doha tana biya wa masu ƙanƙara. Ita ba ta jin haushi. Daɗi ma take ji idan ta ga sunanta da na mijinta a kan adireshi ɗaya. Ba ta taɓa makara ba.

Mai cike musu takardun wata dattijuwa ce a Edmonton, Anti Awawu, 'yar zangon Kumasi. A bara, saura kwana huɗu wa'adi ya cika, Haulatu ta tashi aiki bayan la'asar tana tsaye a bakin titi tana jiran bas, sai ga kiranta.

"'Yata, ina da tambaya, kada ki ga na shiga abin da ba ruwana. Takardarki da ta maigidanki ba su zo ɗaya ba."

"A ina, Anti? Ko na manta wani rasit ne?"

"Ba rasit ba ne. Wurin da ake tambayar aure. Ke kin ce kina da aure. Shi ya ce kun rabu, har da kwanan wata, ashirin ga Satumba. Na ɗauka kin sani."

Bas ta zo, ta tsaya, ta tafi. Haulatu na nan tsaye. Ta san ranar sarai. Ranar ce ta sa hannu a sabon kwantiragi na shekara biyu, bayan ya ce kada ta sa. Sun yi cacar baki a waya, ya yi kwana goma bai kira ba, daga baya ya ci gaba da gaishe ta kamar komai ya wuce. Ita ma ta ɗauka ya wuce.

A nan bakin titin ta kira shi. Safiya ce a can, yana mota.

"Baban Firdaus, me ka rubuta a takardar haraji?"



"Na so in faɗa miki da kaina."

"Wata bakwai kana so? Da azumi na aiko maka da dabino, ka ce Allah ya yi albarka!"

"Haulatu, na gaji. Ba wata mace ba ce, wallahi. Kawai na daina jira ne. Ranar nan na ce ki zaɓa, kin zaɓa."

"Don gidanmu na sa hannun."

"Gidan da ba kya ciki."

Ta tambaya ko Firdaus ta sani. Ya ce yarinyar ta daɗe da ganewa, ita ce ma ta roƙe shi kada ya faɗa sai uwar ta zo hutu. Wannan ne ya karya ta. Ta zauna a kan dakalin wani shagon waya ta yi kuka, mutane na wucewa suna kau da kai.

Kwana uku tana zuwa aiki kamar kullum, ba wanda ya ji komai daga bakinta. Sau ɗaya kawai ta riƙe kwalin magani ta rasa abin da za ta faɗa wa mai shi. Ranar ashirin da tara ta kira Anti Awawu.

"Rubuta yadda ya rubuta, Anti."

"Ki bari a yi magana tukuna mana, 'yata. Ana iya gyarawa daga baya."

"Ba zan sa a kira shi maƙaryaci a ofis ba. Uban 'yata ne. Khalas, shi ke nan, ki tura."

Aka tura, ta biya a ranar.

Takardar saki ta iso ta waya a watan Yuni, layi uku. Yayanta ya yi ta kira daga Gusau yana so a shiga tsakani, ta ce a bari. Gidan Edmonton an sa shi kasuwa. Firdaus ta ce za ta ƙarasa sakandare wurin babanta, Haulatu ba ta hana ba.

Har yau tana asibitin. Ta rame, ta rage magana. Ta sake sayen littattafan jarrabawar nan da ta kayar da ita sau biyu, tana karantawa a lokacin cin abincin rana. Ranar Juma'a da yamma Firdaus kan kira ta bidiyo, su yi hirar makaranta da ta kitso. Wani lokaci yarinyar kan ce, "Mama, kin yi fushi da ni?" Haulatu ta ce a'a, ta tambaye ta ko ta ci abinci.