Gatarin Baffa a Lambun Inabi

Kwanan baya na shiga kasuwar Daura sayen kayan miya, wani mai baro ya tare ni da inabi a cikin 'yar roba mai murfi, irin wanda ake kawowa daga waje. Ya ce in ɗanɗana, wai ban taɓa shan irinsa ba. Na ɗauki ƙwaya ɗaya na jefa a baki, zaƙi salam kamar an jiƙa sukari a ruwa, ba ƙamshi ba komai. Na ce masa ya rufe kayansa. Bawan Allah bai yi mini laifin komai ba, amma har na koma gida raina a ɓace yake, don ƙwayar nan ta tuna mini da Baffa, yayan mahaifina, mutumin da ba na son tunawa.

Na san za ka yi mamaki in na ce maka a ƙasar Daura an taɓa yin garin da ake noman inabi. To an yi, kuma a can aka yanke mini cibi. Ɗan ƙauye ne da ba ya cikin lissafin kowa. In ka bar titin Sandamu ka bi burtali ka gangara, za ka same shi a maƙale tsakanin tudu da fadama. Ta arewa jigawa ce, farin rairayi wanda gero da wake kawai yake karɓa. Ta kudu kuwa baƙar ƙasa ce mai danshi, ruwa ba ya nisa. Tsofaffi sun ce kakannin kakanninmu daga arewa suka gangaro a wata shekarar yunwa, suka hangi giginyu a tsaye, suka san akwai ruwa a ƙasa, suka sauke kaya.

Inabin kuwa kakana ne sanadinsa. A zamanin ƙuruciyarsa ayarin Azbinawa masu gishiri yakan yada zango a bayan garinmu. Wata shekara raƙumin wani Buzu ya yi targaɗe, ayari ya wuce ya bar shi, kakana ya sauke shi a zaure har dabbar ta miƙe. Da shekara ta zagayo sai ga Buzun da wasu 'yan sanduna a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya ce daga lambunan duwatsunsu ya yanko. Mutanen gari suka yi ta dariya, wai an yi jinyar raƙumi an biya da ƙirare. Kakana ya dasa su a bakin fadama. Duk suka bushe sai guda ɗaya, ita ce muka taso muka tarar ana kira Uwa.

Da na yi wayo, gindin Uwa ya kai cinyar ƙato kauri. A can gabashin lambu take, kan wani ɗan tudu, don Buzun ya ce ba ta son tsayawa cikin ruwa. Daga nan aka kakkafa gwafanni aka yi mata doguwar rumfa, aka ja rassanta yamma har bakin rijiya. Daga rijiyar ake ɗibar ruwa da jigo, a zuba a wata 'yar hanya da aka gyara, ya bi ya je gindinta. In sanyi ya shigo ta yi fure, ƙamshinsa siriri ne, sai ka tsaya shiru kake jin sa. In zafi ya fara kuma 'ya'yan su yi baƙi, ƙanana ne, zaƙinsu da ɗan tsami a baya. Aikinmu mu yara shi ne naɗe nonnan inabin da tsummoki saboda tsuntsaye, rina tana harbinmu, mu kuma muna satar na ƙasa-ƙasa. Leɓunanmu ne suke tona mana asiri.

Babbar ranar garinmu kuwa ita ce ranar aski. Bayan an gama kai amfanin gona gida, kakata, wadda muke kira Iya, takan ɗaura ɗamara ta shiga ƙarƙashin rumfar da 'yar wuƙarta, ta yanke rassan bara tas, har baƙo ya ɗauka ta kashe abin. Idan ba a yi haka ba ganye kawai za a samu. Ranar ake dama fura a babbar ƙwarya, maƙwabta su taru, kowane magidanci ya ɗebi sandunan da aka yanke ya je ya dasa a nasa lambu. Ba a sayarwa, kakana ya ce kyauta aka ba shi. Dole ce ta sa ake zuwa kowace shekara, don gara ba ta barin ƙananan inabi su daɗe, Uwa kaɗai ta gagare ta. Da haka garin ya cika da rumfuna, har dillalai daga Kongolam, can bakin iyakar ƙasa, suka san hanyarmu.

Shi Baffa ɗan farin Iya ne. Ka san al'adar mutanen da: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama da shi hira, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun da aka yaye shi gidan wata goggon babansa aka kai shi. Iya ba ta ce masa komai sai “wancan”, in tana da saƙo sai ta ba wani ya kai. Kowa a garin ya san wannan kunya ce ba ƙiyayya ba, kowane gida haka ake yi. Ni kaina na sha kai masa nonon inabin da ya fi kowanne kyau, ta ce in ce daga babana ne. Amma Baffa mutum ne mai riƙo kamar kaska, ya ƙulla abin a ransa, ya girma yana ganin kowa ya ci masa wani abu. Bai taɓa ja mata guga ɗaya a lambun nan ba.

Da kakana ya rasu aka zo rabon gado, sai aka yi abin da har gobe nake ganin wautarsa. Iya ta aika a gaya wa mai gari da malamin rabo cewa a bar lambun yadda yake, a riƙa raba abin da ya haifa. Baffa ya kafe, ya ce shi ba ya tarayya, a nuna wa kowa nasa. Babana mutum ne mai gudun rigima, ya karɓi gonar gero ta kan tudu ya ja bakinsa ya yi shiru, kuma har yau ina jin haushinsa a kan wannan shirun. Sai aka kawo igiya, irin wadda ake auna gonar gero da ita, aka ja ta a ƙarƙashin rumfa, aka kafa turaku. Ba wanda ya ɗaga kai ya dubi abin da ke samansa. Tumunin Iya, rabonta na matar mamaci, ya faɗa gabas, inda gindin Uwa yake. Rijiya da kusan duk tsawon rumfar suka faɗa wajen Baffa.

Kafin a share makoki ya jibga ƙaya a kan iyaka, ya toshe hanyar ruwa da ƙasa. Ya ce ruwansa ba zai shayar da itacen da ba a gonarsa yake ba, amma duk abin da ya rataya a saman gonarsa nasa ne. Ya tuge ƙananan inabin da ke gefen rijiya, ya sayo injin ban ruwa, ya yi fangalin albasa. Mu kuma ni da Iya muka koma jido daga rijiyar cikin gari, ita da tulu ni da bokiti, mu ratsa rairayi mai ƙona ƙafa mu zuba a gindi mu koma. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, in ta sauke tulun sai ta dafa gwafa ta daɗe tana mayar da numfashi. Da 'ya'ya suka nuna Baffa ya tsinke su kwando-kwando ya sayar wa wani dillalin Kongolam. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na ce mu kai ƙara wajen mai gari, Iya ta dalla mini harara, ta ce wace uwa ce take kai ɗan fari ƙara.

Da lokacin aski ya zo ta aika babana ya roƙa mata izinin shiga. Baffa ya ce ba mai taka masa albasa. Ta aske ɗan abin da hannunta ya kai daga nata ɓangaren, sandunan ba su isa ko gida uku ba, mutanen da suka zo suka sha fura suka watse hannu rabbana. Shekarar rumfar ta yi ganye dunƙum, 'ya'ya kuwa sai ka nema. Inuwa ta rufe albasar Baffa ta ƙi yin kai. Daga nan ne ya tuna da addini.

Bayan sallar la'asar ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce ya samu labari cewa inabin garinmu in an ƙetare iyakar ƙasa da shi matse shi ake yi a yi giya, don haka duk mai shayar da shi yana da kamasho a zunubin. Mutumin da bara-baran nan ya loda wa dillali kwanduna da hannunsa! Liman ya ce masa inabi abinci ne na halal, sunansa yana cikin Alƙur'ani, ko dawa ma ai ana yin burkutu da ita ba a daina nomanta ba. Amma magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo yara a makarantar allo suna kirana 'yar gidan giya, na fasa wa wata baki a kan haka, kuma ban yi nadama ba. Mutanen da suka shekara da shekaru suna shan furar Iya suna kwasar sandunanta suka fara kauce mata a hanya. Munafukai, ko ɗaya bai je ya ce wa Baffa ya ji tsoron Allah ba.

Ranar da abin ya faru tsakiyar bazara ce, da hantsi, mun kawo ruwa ke nan. Muka tarar da shi tsaye a kan iyaka da gatari, ya riga ya datse reshe ɗaya, ruwa yana ɗiga daga bakin saran. Rassan nan kaurinsu ya kai damtsen mutum, sun girme ni, wasu sun girmi babana. Iya ta sauke tulu. Sai na ji ta kira sunansa, sunan yanka, wanda tun da ta haife shi bai taɓa fita daga bakinta ba. Ni ma sai da na waiga in ga ko da wani take.

Ta ce, “Ka bar mini wannan. Ban taɓa roƙonka komai ba.”

Ya tsaya da gatarin a sama. Na ɗauka shi ke nan. Sai ya ce, ba tare da ya dube ta ba, “Ashe kin san sunan nawa. Sai yau da aka taɓa itace.” Ya sauke gatarin a kan reshe na biyu.

Iya ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki tulun ta je ta juye a gindin kamar kullum, ta ce in ɗauko bokitina mu tafi. Kwana da kwanaki saran yana zubar da ruwa, ta shafa masa toka, ta ɗaure da tsumma, duk a banza. Da damina ta sauka Uwa ta ɗan yi toho, muka fara murna, ashe gara ta shiga ta bakin saran ta cinye cikin. Wata safiya Iya ta dafa gindin ya burma. Sauran rumfunan gari kuma suka bi ɗaya bayan ɗaya, tunda ba sandar da za a maye gurbinsu da ita. Iya ba ta ƙara zuwa fadama ba har ta koma ga Allah. A ciwon ajalinta ta ce a gaya wa wancan ta yafe masa. Ita ta haife shi, ita ta san abin da ta gani a cikinsa. Ni ban ce na yafe ba.

Yanzu in ka je garinmu albasa da tumatir za ka gani, da ƙugin injuna tun safe, rijiyoyi kuma kullum sai an ƙara musu zurfi. Yaran da aka haifa bayanmu ba su san kamannin ganyen inabi ba. Baffa yana nan da ransa, ya tsufa tukuf, ya zama shi ne mai ba da tarihin gari. Sallar da ta wuce na shiga gaishe shi, don zumunci ba a yanke shi, na tarar ya tara jikoki da wasu baƙi daga Dutsi a zaure. Yana ba su labarin Buzu da raƙumi, da ranar aski, da yadda lambun gidansu ya ciyar da gari duka, har da share ƙwalla. Wani baƙo ya tambaye shi me ya kashe inabin. Ya girgiza kai ya ce fari ne, Allah ya kawo fari.

Ina durƙushe a bakin ƙofa, ban ko gama gaisuwa ba. Na ce, “Ba fari ba ne, Baffa. Gatari ne, ina wurin.”

 Baffa ya shiga laluben carbinsa a kan tabarma. Na ƙarasa gaisuwata yadda ya kamata, na tambaye shi ƙarfin jiki, na yi masa barka da Sallah, na tashi na fita. An ce na yi rashin kunya, babana ma ya yi mini faɗa. Na ji, na karɓa. Kunya ce ta hana Iya magana har aka sare mata abin da ta shekara da shekaru tana shayarwa, ni kuwa muddin ina numfashi ba za a ɗora wa fari laifin nan a gabana ba.