Mudu Huɗun Yakaka

"Mudu huɗu, Yaya? A sunan ɗana?"

Muryar Fannami ce. Matarsa Barira tana kwance a gadon jego, jariri a gefenta, bangon laka kaɗai ya raba ta da ɗakin da ake maganar. Ta ɗaga kai daga matashi.

"Huɗu na ce. In ka ga dama ka ƙara rabi saboda ƙanzo." Wannan kuma Yakaka ce, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, da muryarta da ba ta hawa ba ta sauka.

"Kaji zan tara ko mutane?"

"Kai ka san waɗanda ka gayyata. Ni abin da za a ci ka tambaye ni."

"Buhu uku na ajiye, shinkafa 'yar fadama, ga sa, ga raguna. Garba masunci da ko wando biyu bai mallaka ba, mudu talatin kika auna masa ran sunan 'yarsa."

"Aka kuma siɗe tukunya."

"To ni me na yi miki?"

Can Yakaka ta ce, "Ni ba ƙafa nake aunawa ba, Fannami. Baki nake aunawa."

Daga Jahun aka kawo Barira, ba ta daɗe a Haɗeja ba, amma ko baƙon jiya ya san abin da awon Yakaka yake nufi a unguwar.

Yakaka ba ta da sana'ar da ake kira da suna. Ba ta sayar da abinci, ba ta girki a gidan kowa. Abin da take yi shi ne, in biki ko suna ko sadaka ta taso, a aika mata, ta zo da tsohuwar ƙwaryarta mai ɗinki a gefe, wadda uwarsu ta taho da ita daga gabas, ta faɗi abin da za a jiƙa da abin da za a dama. Kafin ta faɗa sai ta zaga. Takan je bakin kogi ta ga inda ruwa ya kai, don in ya cika, dangin ƙauye sai wanda ya samu kwalekwale, in kuwa ya janye har da kishiyar kakar ango za ta iso. Takan tambayi sana'ar baƙi, saboda mai yankan shinkafa yana cin rabon malamai biyu, masunci kuma ba ya ɗokin kifi, nama yake nema. In zafi ne ta rage tuwo ta ninka kunu da fura. Daga nan ta shiga gidaje gaisuwa, ta zauna ta taya mata surfe, ba ta tambayar komai. Takan ce wanda ya zo da ƙiyayya ya fi kowa ci, don ya samu abin faɗa, saboda haka ko maƙiyi tana auna masa nasa. Ladarta cinyar rago, wani lokaci sannu kawai. Tun tana budurwa take yi har furfura ta cim mata, ba a taɓa jin ta kunyata mai gida da ƙarancin abinci ba, ba a taɓa zubar da ragowa ba.

Shi ya sa awonta ya zama ma'aunin mutum. In aka ce Yakaka ta auna wa wane mudu arba'in, an gama faɗin matsayinsa.

Da yamma Hajja, tsohuwar da ke yi wa Barira wankan jego, ta shigo da ganyen runhu. Barira ta bari sai da ruwan zafi ya fara sauka a bayanta, sannan ta ce, "Inna, me Malam ya yi wa mutanen unguwar nan?"

"Juyo nan. Wa ya ce ya yi musu wani abu?"

"Na ji awon."

Hajja ta tsoma ganyen, ta daɗe tana juya shi a cikin tukunya. "Ke dai yarinya ce lokacin ɗiban gwamna, ko? Da Nasara suka ce kowane gari ya ba da mutane a kai su haƙar kuza a Jos. To dogarai ba su san gidan kowa ba. Mijinki shi ne wakilin mai unguwa. Shi yake gaba, suna biye, in ya tsaya a ƙofa an shiga. Aka kora su zuwa tashar Malam Madori aka zuba a jirgin ƙasa. Sanyin dutse ya ci wasu, wasu suka dawo da tarin da bai bar su ba."

"Ai umarni aka ba shi."

"Haka kowa ya ce, shi ya sa ake gaishe shi har yau. Amma gidan da aka kai masa buhun shinkafa da dare bai tsaya a ƙofarsa ba. Da maganar ta fara yawo, sai ya je ya tsaya a ƙofar yayarsa, don a ce ga adali, ko jininsa bai bari ba. Shu'ibu, ɗanta na fari. Shi ke nan gare ta namiji."

Barira ta juyo har ruwa ya fallatsar mata a fuska. "Bai dawo ba?"

"Rigarsa ta dawo."

"Kuma take shiga gidan nan? Ita ce fa ta yanke wa yaron nan cibiya."

"To me za ta yi? Ɗan fari ne. Uwa tana kuka a kan ɗan fari a gaban mutane? Ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba yana raye. Da aka kawo rigar ta ce Allah ya jiƙan Musulmi, ta ci gaba da tankaɗe."

Tun daga ranar Barira ta fara kallon hidimar da wani ido. Fannami ya yi watsi da awon. Ya ɗauko mata masu girki daga wata unguwa, aka jera manyan tukwane a bayan gida, aka jiƙa gero randa randa. Tana jin sa yana ba da umarni da ƙarfi, ƙarfin da ya fi na mai murna. Ta gane ba don jaririn ake wannan girki ba. Mutumin yana so ne ya ga hannun kowane magidanci a cikin akushinsa, domin wanda ya ci abincinka ya rufe bakinsa a kanka. Ita kuwa abin da ke cin ranta ɗaya ne: a wannan unguwa ɗanta zai tashi, a cikin 'ya'yan mutanen nan zai yi wasa. In suka ƙi zuwa sunansa, da me zai fara?

Yakaka ta zo da ƙwaryarta ta ɗebi mudu huɗu da rabi, ta kafa murhu a gefe ita kaɗai.

Ran Alhamis aka yi sunan. Tun da hantsi bai ɗaga ba Barira ta ji ƙofar gida ta cika, sallama a kan sallama, takalma suna ta karo. Fannami ya leƙo ɗaki fuska a sake, ya ce, "Kin ji mudu huɗun ko? Har tabarmi sun ƙare."

Aka yi addu'a. Sai ta ji maroƙi ya ɗaga murya a waje yana sanar da sunan yaro: Shu'ibu.

Barira ta dafe bango. Fannami bai faɗa mata ba. Matan da ke tsakar gida suka tsaya cik, wata da muciya a sama. Kowa ya san abin da aka yi: an ɗauko sunan mamaci an ɗora a cinyar uwarsa a gaban jama'a, ta yadda in ta kau da kai ta ƙi ɗanta, in ta karɓa ta yafe. Yakaka tana durƙushe gaban ƙaramar tukunyarta. Ta gyara itace, ta hura wuta.

Aka fara fita da akusa. Ba a jima ba aka fara dawowa da su, faifansu a rufe. Hajja ta je zaure ta leƙa, ta dawo tana tafa hannu a hankali.

"Wai azumi suke yi."

"Su wa?"

"Duka. Liman ya ce yau Alhamis, ya ɗauki nafila. Na kusa da shi ya ce shi ma. Haka aka bi layi har kan Garba masunci, mutumin da ko na watan azumi sai an yi da shi. Sun yi wa yaro addu'a mai kyau, wallahi har da hawaye. Da suka tashi, goron da aka raba yana nan a tabarma, kowanne a gurbin mai shi."

Da azahar mata suka zo, ɗakin ya cika har ƙofa. Kowacce ta karɓi jaririn ta sa masa albarka, ta ajiye ɗan sabulu ko zane, ta ce Allah ya raya. Babu wadda ta ɗaure fuska. Barira da kanta ta tura wa wata tsohuwa ƙwaryar fura, ta ce, "Inna, ko maƙogwaro ki jiƙa, ana zafi." Tsohuwar ta yi murmushi ta ce, "Ayya 'yar nan, ramuwa nake yi." Ta kusa da ita ta ce ita ma ramuwa. Har da mai ciki wata takwas.

Waɗanda suka ci su ne dangin Barira na Jahun, da wanzami, da mahauci, da masu girkin da aka ɗauko. Daga tukunyar Yakaka aka zuba musu, ta kuwa ishe su. Manyan tukwanen suna nan a jere, shinkafa ta fara tsami a cikin zafi, ƙudaje sun rufe naman. Kafin la'asar ta yi sanyi Fannami ya sa aka ɗora su a jakuna aka kai mashigin kogi, fatake masu jiran fito su ci. Shi kuma ya shige ɗakinsa ya saki asabari.

Barira ta zauna tana juya abin. An karɓi ɗanta, an ƙi ubansa, kuma an yi shi cikin ladabin da ba wanda za a kama da laifi. Wa ya haɗa bakin unguwa guda a kan azumi ɗaya? Yakaka ta ji ne a zagayenta, ko kuwa zagayen ne ya kai maganar gida gida? Ta tuna matar ba ta tambayar komai in ta shiga gida. Ta kuma tuna cewa mutanen da suka ji an ce mudu huɗu sun san abin da ake jira daga gare su.

Ta hango Yakaka ta yafa mayafi, ƙwarya a hammata, ta nufi zaure. A gindin murhu an bar kwano ɗaya a rufe. Barira ta saɓa jaririn, ta ɗauki kwanon, ta bi ta, ko da yake mai jego ba ta zuwa ƙofa.

"Yaya, kin bar wannan. Ke ma azumin kike yi?"

Yakaka ta tsaya. Ta dubi yaron, ta kai hannu kamar za ta taɓa kansa da aka aske, ta tsaya a hanya, ta gyara masa zane kawai.

"Ni ba na ƙarya da azumi," in ji ta. "Rabona ne, na sa kaina a cikin huɗun. Na zaci zai wuce, sai na ji sunan. Kara na yi wa mijinki, shi ya ɗauka yafewa ce. Koma ciki ki cinye, ke kike shayar da mai sunan."