Abdulgani, Mai Duba Kekunan Tseren Gwandu da Kalgo

Da an idar da sallar asuba, Malam Abdulgani kan koma gida ya sha kunun da matarsa Kubura ta dama, ya ɗaure akwatin kayan aikinsa a bayan keke, ya nufi gindin durumin da ke bakin kasuwar Gwandu. Sai ya share wurin tas, ya cika kaskon ruwan da yake gano hujin taya da shi, sannan ya jera sifana da guduma a kan wata tsohuwar fata. A nan manoman Masama da Ceberu ke iske shi, wani sarƙarsa ta tsinke, wani ƙafar kekensa ta karkace. Ba ya son surutu in yana aiki. In an kawo masa keke yakan ɗaga ƙafar baya ya juya ta, ya sunkuyar da kai ya kasa kunne, kafin mai keken ya gama bayani ya riga ya ji inda ciwon yake.

Wannan kowa ya sani. Akwai kuma wani aikin nasa da mutane suka saba gani har suka daina mamakinsa, wanda zai ajiye a bana, 1958, saboda idanunsa sun fara rauni. Shi ne mai duba kekunan tseren Gwandu da Kalgo.

Tseren ya fara ne bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da kekuna suka yawaita a hannun samari. In an gama girbi sai a share fili a kakkafa dammunan kara, masu tsere su riƙa ratsa tsakaninsu suna lanƙwasawa, wanda ya riga fita bai ture dami ba shi ya ci. In an yi shekara guda a Gwandu, mai bi mata sai a yi a Kalgo. A farko babu wata doka. Kowa cire abin da ya ga dama yake yi daga jikin kekensa don ya rage nauyi. Wata shekara Garba, ɗan wani masunci daga Kalgo, ya cire birkinsa gaba da baya. A kwanar ƙarshe keken ya ƙi tsayawa, ya zarce da shi ya daki kututturen giginya. A kan ƙyaure aka ɗauke shi daga filin. Ya rayu, amma har yau da sanda yake tafiya. Dattawan garuruwan biyu suka ce an gama, ba sauran tsere.

Abdulgani ne ya ɗauko keken Garba a ranar, ya ga yadda ƙarfe ya naɗe kamar igiya. Abin ya tsaya masa a rai. Amma ya san samarin nan, kullum suna gindin duruminsa, yana jin abin da suke ƙullawa. Sai ya wanke hannunsa ya tafi zauren da dattawa ke zama.

Ya durƙusa ya ce, "Ranku shi daɗe, yaran ga ba bari za su yi ba. In an hana su fili, daji za su tahi, inda ba mai ɗauko su in sun faɗi."

Malam Jibrin, wanda shi ne babba a zauren, ya dube shi ya ce, "To, in an bari wani ya sake karyewa, wa za mu kama?"

"Ni za ku kama," in ji Abdulgani.

Dattawa suka yarda a ci gaba da tseren. Haka ya ɗauki nauyin 'ya'yan mutane ya ɗora wa kansa, ba wanda ya sa shi. Ya raba kekuna gida biyu. Akwai na kasuwa, wato keke yadda ya fito daga kanti, da kariyarsa ta ɗaukar kaya da marfin tayoyinsa, ba a sauya masa komai ba. Akwai kuma tuɓaɓɓe, wanda mai shi ke iya cire abin da ya so, ya sauke kan keken ƙasa, ya sa ƙaramin faifan haƙora a baya don gudu. Hujjarsa ita ce manomin da ke kai gero kasuwa da kekensa ba zai iya tuɓe shi ba, don haka a bar shi ya kara da irinsa. Abu biyu kuwa ya ce ba sassauci ga kowa: birki biyu masu kamawa, kuma ba a goge ƙarfen jikin keke don ya yi sauƙi. Kowane keke sai ya hau shi da kansa, ya yi gudu ya taka birki, sannan ya ɗaura masa ƙyalle a hannu, fari ga na kasuwa, ja ga tuɓaɓɓe.

Shekarar da mutane ba su manta ba ita ce 1954, a filin Kalgo. Gwandu ta daɗe ba ta ci tseren na kasuwa ba, kuma duk begenta yana kan Atiku, ɗan Hajjo, ƙanwar Abdulgani uwa ɗaya uba ɗaya. A gidansa Atiku ya tashi, shi ya fara ɗora shi a kan sirdi. Atiku ya turo kekensa layin na kasuwa yana murmushi, mutanen Gwandu na yi masa kirari.

Abdulgani ya ɗaga keken sai ya ji hannunsa ya tafi sama da sauƙi fiye da yadda ya saba. Ya ƙwanƙwasa kariyar da ɗan yatsa, bai ji amon ƙarfe ba. Gwangwala ce aka feƙe aka shafa mata baƙin fenti, aiki mai kyau ƙwarai. Ya sunkuya ya dubi ƙafar baya, ya ga an sa ƙaramin faifai. Ya daɗe a tsugune. Babu wanda ya lura sai shi, kuma ya san in ya ɗaura farin ƙyalle ba mai tambayarsa.

Ya miƙe ya ce a hankali, "Atiku, wanga keke ba na kasuwa ba ne."

Atiku ya matso ya rage murya. "Kawu, don Allah. Ba wanda ya gani. Don garinmu na yi."

"Ni na gani. Ban kore ka ba, birkinka lahiya lau yake. Amma ka koma cikin 'yan'uwanka tuɓaɓɓu."

Ya zaro jan ƙyalle ya ɗaura. Filin ya ruɗe, wasu 'yan Gwandu suna cewa ya sayar da garinsu. Atiku ya shiga cikin tuɓaɓɓu da kekensa mai marfin taya, ya yi iya ƙoƙarinsa, aka bar shi a baya. Kalgo ta cinye duka biyun.

Ya sha wuya bayan nan. Samarin Gwandu suka ƙaurace wa gindin duruminsa, suka gwammace su tura kekunansu gyara har garin Maruda. Hajjo ta zo gidansa, ko zama ba ta yi ba, ta ce, "Yaya, ɗanka ka kunyata a gaban baƙi?" Ya ce, "Na gwammace shi ji kunyar yini guda da shi saba cin abin da ba nasa ba." Ta fita ba sallama, har damina ta faɗi ba ta tako gidan ba. Kubura ta ce a watannin nan tuwonsa kan dawo kusan yadda aka kai shi. Atiku ne da kansa ya kawo ƙarshen abin. Wata ranar kasuwa ya turo keken gindin durumi, da tsohuwar kariyar ƙarfen a hannunsa, ya durƙusa ya ce, "Kawu, a mayar mini da ita." Abdulgani ya miƙa masa sifana suka ɗaura tare.

Da shekara ta zagayo, mutanen Kalgo suka aiko cewa ba su yarda kowa ya taɓa kekunansu ba sai mutumin Gwandu ɗin nan. A tseren ne kuma aka ga wani abin. Lukuman, wani manomi daga Masama, ya kawo tsohon kekensa, Abdulgani ya hau ya taka birkin baya ya ji robar ta cinye. Bisa doka Lukuman ya fita ke nan, kuma babu sabuwar roba a akwati. Abdulgani ya dubi fuskar mutumin, ya juya ya kwance robar birkin kekensa shi kansa, ya ɗaura wa na Lukuman, ya gwada, ya ɗaura farin ƙyalle. Da aka tashi, jama'a suka ga mai duba kekuna yana tura kekensa da ƙafa cikin rana, ga akwati a baya. Wani ya ce ya hau mana, ai hanya a miƙe take. Ya ce, "Keken ba shi da birkin baya. Ba ni hawan abin da na hana wani hawa."

Malam Abdulgani, kai ne ka ce a kama ka a lokacin da kowa ke janye jiki. Kai ne ka riƙe doka a ranar da ta fi yi maka ciwo. Tun da ka karɓi filin nan an faɗi, an kurje gwiwa, an yi dariya an tashi, amma ba a sake kai wa wata uwa ɗanta a kwance ba. Ba ka taɓa cin tsere ba, makaɗa ba su taɓa ambaton sunanka ba, alhali duk wanda ya ci a kan aikinka ya ci. Madogarar samari, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idanunka haske.

A bana Abdulgani ya ce Yusufu, wani mai gyaran keke na Kalgo, shi zai gaje shi. Mutumin Kalgo zai duba kekunan Gwandu, kuma ko mutum ɗaya bai ɗaga murya ba, don Abdulgani ne ya zaɓa.

Ku da aka damƙa wa wata amana, ko awo ne a kasuwa ko rabon ruwa a fadama, ga wanda za ku duba. Ku kuma da kuka taɓa ratsa dammunan karan nan kuka koma gida da ƙafafunku, kada ku jira sai an ce muku ya kwanta. Yana nan da ransa, kunnensa na ji sarai. Ku je ku gaishe shi.