Baba da Tasha ta Uku

Kafin in zo Kuala Lumpur karatu ban taɓa ganin wasan besbol ba, ko a talabijin. Wani dattijo ɗan Filato ne ya koya mini. Malamin lissafi ne a wata kwaleji, yana zaune da iyalinsa a unguwar Cheras, kuma tun yana saurayi ya koyi wasan a hannun wasu baƙi a Jos. Shi ya tattara mu, ɗalibai da 'yan kasuwa 'yan Najeriya, muke haɗuwa duk safiyar Asabar a wani fili kusa da Sri Petaling. Baba muke ce masa.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. A jefo maka ƙwallo, ka maka mata sanda, ka ruga ka bi tashoshi uku ka dawo gida kafin masu tsaro su riga ka da ƙwallon. Baba ne ke tsaron tasha ta uku, inda ƙwallo ta fi zuwa da zafi. Da ƙirji yake tare ta in ta kama. Sai dai shekaru sun fara taɓa kafaɗarsa, wani lokaci jifarsa sai ta dungura ƙasa kafin ta isa ga wanda ya jefa wa. Ni ban ga abin damuwa ba, tunda ba kofi muke nema ba.

Kyaftin ɗinmu wani Bakano ne mai sayar da wayoyi. Ya zama kyaftin ne saboda shi ya ɗinko mana riguna. Daga nan ya kamu da karanta jita-jitar musayar 'yan wasa ta manyan ƙungiyoyin Amurka, wane za a sayar, wane ake zawarci. Sai abin ya hau masa kai.

Wata Asabar bayan wasa muna zaune a mamak, gidan abincin da muka saba, Baba ya tafi kai matarsa kasuwa. Kyaftin ya kurɓi shayi ya ce, "Jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya. Muna neman mai tasha ta uku."

Na ce, "Alhaji, ba ga Baba ba?"

"Baba ya gama. Akwai wani yaro ɗan Filifin a ƙungiyar Wangsa Maju, hannunsa kamar bindiga. Na fara magana da manyansu. Mu ba su Baba, mu ɗora musu jakar sanduna, su ba mu shi."

Na ɗauka za a yi wa kyaftin ca. Sai wani ya ce jakar ta yi yawa, a ba da rabin sandunan. Wani ya ce ai ko kyauta ba za su karɓi tsoho ba. Aka yi dariya. Sandunan nan fa Baba ne ya sayo su. Wanda ya fi kowa dariya kuwa, a falon Baba ya kwana lokacin da aka kore shi daga ɗaki. Na ture farantina, abincin ya fita mini a rai.

Na ce, "In kuna da magana, ku faɗa masa a gabansa." Kyaftin ya ce ba haka ake yi ba, a manyan ƙungiyoyi ɗan wasa ne na ƙarshen ji.

Kafin mako ya zagayo zancen ya cika gari. Aka buɗe sabon zauren hira a waya ba tare da Baba ba. Kowa ya zama mai majiya: an kusa kammalawa, an samu tangarɗa, wata ƙungiyar ma ta shigo neman yaron. Na kira Baba don in gaya masa, ya ce, "Na ji, ɗana. A coci aka tare matata da shi."

Asabar ta gaba ya zo kamar kullum, da kular gwate da matarsa ta dafa mana. Abin da ya fi ɓata mini rai ke nan. Mutanen da suka kwana suna yi masa kuɗi suka kewaye kular da cokula, ana "Baba ikon Allah!", ana lashe baki, har da mai neman a ƙulla masa saura ya tafi da shi.

Ya bari sai da suka ƙoshi, sannan ya dubi kyaftin.

"Alhaji, an ce da jakar sanduna za a haɗa ni. Duka ko rabi?"

Kyaftin ya fara inda-inda, wai jita-jita ce kawai, wai harkar wasa ce, ba gaba ba. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce da an ce masa ya koma bencin 'yan canji, da ya koma da murna. Ya cire safar tare ƙwallo ya sa a jaka, ya rufe kularsa, ya bar musu sandunan. Na raka shi har tashar jirgin ƙasa. A hanya ni ne nake ta zazzaga masifa har ya ce in yi haƙuri.

Yaron nan ɗan Filifin ashe bai ma san ana cinikinsa ba. Da aka same shi sai ya ce ya gama karatu, gida zai koma. Da yammar ranar kyaftin ya sake rubutawa a zaure cewa ƙungiya na neman mai tasha ta uku, an fi son matashi. Wasu suka fara jero sunaye. Na fita daga zauren, ban kuma sake taka filin ba.

Har yanzu nakan je Cheras gaishe da Baba. Ya koma buga badminton da maƙwabtansa 'yan ƙasar a ƙasan benensu, kuma a cewarsa kullum sai sun lallasa shi.