Doguwar Hanyar Akpene

Kujerar gefen direba a motar ƙwan Abalo ta lotsa daidai girman matarsa Akpene. Wani in ya zauna a kai sai ya ji kamar ya sa takalmin aro. Tun ɗansu Elom yana goye take zama a wurin, ga shi yanzu Elom ɗin har ya tara gemu, yana walda a Abijan. Da sassafe su ɗauko ƙwai a gonakin kaji na Adetikope, su shigo Lome su yi ta raba wa shaguna har rana ta karya. Idan sun dawo gidan hayar da muke tare a Agoe, da baya-baya take saukowa daga motar, dafe da ƙugu, ta tsaya ta jira ƙafafunta su tuna aikinsu.

Abalo mutumin Kara ne, ɗan kan duwatsu. Tuƙi kam ya iya, hannunsa da sanyi, amma garin Lome ya ƙi zama a kansa. Layukan duk ɗaya ne a idonsa: yashi, katanga, mai gyaran babur, coci. Akpene kuwa a unguwar Be aka yanke cibiyarta, ta yi tallar sabulu tun tana budurwa, babu lungun da bai san tafin ƙafarta ba. Shi ya sa aikin ya rabu tun farko, shi da sitiyari, ita da baki.

"Hagu, bayan mai ayaba. Ba nan ba, ɗan dutse, Gana za ka kai mu?"

Yana bi yana ƙunƙuni.

Abin da bai sani ba shi ne, duk Talata da Juma'a, in za su kai wa Madam Dela ƙwai a shagonta na Akodesewa, zagaye ake yi da shi. Akpene takan sauke shi daga kwalta ta ratsa da shi cikin Be, ta wani layi mai yashi da ramuka. Hujjarta ba ta canzawa: babban titi cike yake da 'yan acaɓa, kuma ƙwai ya fi tsoron birki a kan rami.

A tsakiyar layin nan akwai rumfar ɗinki mai shuɗin ƙyaure. Matar da ke taka keke a ciki sunanta Kafui, kuma 'yar Akpene ce.

Ta haife ta tun kafin ta san Abalo, a gidan wani masunci mai saurin hannu in ya sha giya. Ranar da ta gaji da duka ta zaunar da yarinyar a tabarma kusa da kakarta, ta ce za ta sayo gawayi. Ba ta koma ba. Ko ta koma ba za a ba ta ita ba, ɗa na gidan ubansa ne, da wannan take rarrashin kanta. Da Abalo ya zo neman aurenta ya tambaya ko ta taɓa haihuwa, ta ce a'a, domin tambayar ta same ta a lokacin da take bukatar ɗaki. Irin wannan ƙaryar ba ta tsufa, saiwa take yi.

Ta tagar mota ta ga Kafui da kayan makaranta, ta gan ta tana koyon ɗinki, ta gan ta da ciki, ta gan ta da goyo. Za a ce ƙauna ce, kuma akwai ta. Amma ba ita kaɗai ba ce. Akpene tana zuwa ne ta duba ko yarinyar ta rame. In ta gan ta ɓul-ɓul tana dariya da masu kawo ɗinki, sai ta ce a ranta, to ai ba a cuce ta ba, ta samu barci har zuwa wata Juma'ar. Kallo ta taga ya yi mata daidai, don taga ba ta tambayar mutum ina ya shiga.

Da Kirsimeti Elom ya zo gida da tsaraba, tabulet mai faɗin faranti. Ya ɗaure shi a gaban motar da robar tayar keke, ya buɗe taswira. Allon ba ya ɗaukar layin waya, wayar Abalo kuwa 'yar rakani-kashi ce, don haka Elom ya jona shi da wayar uwarsa.

"Mama, ke dai ki bar data a kunne, wayar kuma tana cikin mota. Shi ke nan aikinki. Ki huta da magana."

Abalo ya yi ta murna kamar an ba shi sarauta. Ga mutane cewa yake zai rage shan mai. Gaskiyar ita ce ya gaji da a yi masa tsawa a gaban masu shago, yana namiji da furfurarsa. Muryar Baturiyar da ke cikin allon ba ta ce masa ɗan dutse, ko ya ɓata hanya sai ta sake lalubo masa wata cikin ladabi.

Talatar farko allon ya miƙe da su kan kwalta har ƙofar Madam Dela. Kafin Akpene ta gama cin ƙosanta sun iso.

"Ashe Akodesewa nan ne bayan kunne?" in ji Abalo.

"Bari ka buɗe baya ka ga ɓarnar da ka yi."

Ya buɗe. Ko ɗaya bai fashe ba. Ya yi ta fito yana sauke kiret.

Allon bai taɓa kunyata kansa ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ta zama kaya a motar, mai riƙon waya. Makonni suka shuɗe ba ta ga shuɗin ƙyaure ba. Barci ya fara yi mata gardama. Tuwon masara ma sai ta tsakura ta ture.

Ta gwada kashe data suna dab da mararrabar Be, wayar na ɓoye a cikin zaninta. Baturiya ta ci gaba da zuba kamar ba a yi komai ba, ashe in ta riga ta haddace hanya ba ta ƙara bukatar kowa. Sai Akpene ta gane cewa tun kafin Abalo ya danna sunan shagon ya kamata ta kashe. Juma'ar da ta biyo baya allon ya yi ta juya 'yar ƙawanya, ya ƙi nuna komai.

"Ba sabis," ta ce, tana kallon waje. "Tuƙa, na san hanya."

Kafui tana nan, ta ɗan yi duhu, ta canza kitso. Daren nan Akpene ta yi minshari.

Dabarar ta ci sau da dama. Amma Abalo, ko bai san gari ba, ya san ranakun mako. Wata Talata suna sauke kaya ya karɓi wayar daga hannun matarsa ya miƙa wa Madam Dela.

"Madam, ke da kika yi boko, duba mana. Sabis ɗin wayar nan ba ya son shagonki."

Madam Dela ta ɗora tabarau a karan hanci, ta shafa sau ɗaya.

"Wane sabis? Data ce a kashe. Maman Elom, tsufa ne ko rowa?"

Ta ƙyalƙyale da dariya ita kaɗai.

A mota Abalo bai taɓa allon ba. Ya juya kan motar ya koma ta inda suka fito, ya shiga layin Be da kansa, karon farko ba tare da an ce masa hagu ba.

"Wane ne?" ya ce.

"Wane ne wa?"

"Kar ki mai da ni yaro. Mai askin nan ne, ko ƙaton da ke gyaran firij? Na yi ta ƙona mai ina kai matata zance ban sani ba."

"Baban Elom, dubi gwiwoyin nan. Wa zai so su, in ba likita ba?"

"To zan gani da idona."

Ya rage gudu, ya bar kallon hanya ya koma kallon idonta, don ya ga inda za su sauka. Ita kuma ta kafe su a cinyarta. Haka suka tafi, babu mai kallon gaba, har tayar dama ta faɗa wani rami da ruwan sama ya ƙwaƙule. Motar ta yi tsalle ta dire. Daga baya suka ji ƙarar da duk mai sana'ar ƙwai ya sani.

Fasasshen ƙwai ba ya jiran gobe, a inda ya fashe ake karyar da shi. Kafin Abalo ya gama buɗe bayan motar matan layin sun fito da kwanuka. Akpene ta sauko da baya-baya, ta tsaya tana tsame masu tsaga tana zuba musu, gwaiduwa na bin hannunta har gwiwar hannu. Kwano na zuwa, kwano na tafiya. Sai ga wani hannu da abin awo rataye a wuyan mai shi.

Ba ta taɓa ganin Kafui kusa haka ba. Akwai furfura ƙwaya-ƙwaya a goshin kitson.

"Tanti, zuba mini na biredin yara," in ji Kafui, da sunan da ake kiran kowace babbar mace a Lome.

Akpene ta zuba, ta ƙara, ta sake ƙarawa.

"Ya isa. Ba sadaka na zo karɓa ba." Kafui ta dubi motar, ta dubi Abalo, ta dawo da ido kan Akpene. Muryarta ba ta tashi ba. "Kakata ce ta nuna mini motar nan, tun ina 'yar makaranta. Ta ce, ga uwarki can a gaba. In ta tsaya ki ba ta ruwa, in ba ta tsaya ba ki ci gaba da abin da kike yi."

Akpene ta goge gwaiduwar hannunta a zani.

"Yau ma ba ke kika tsaya ba, rami ne ya tsayar da ku," in ji Kafui.

Ta ajiye kuɗin a kan kiret ta koma rumfarta. Jim kaɗan ƙarar keke ta ci gaba.

Abalo ya wanke bayan motar da ruwan da ya saya a wurin mai gyaran firij, mutumin da ya gama zargi ɗazu. Ya daɗe yana goge wurin da ya riga ya fita. Da suka shiga ya zauna riƙe da sitiyari bai tayar ba.

"Da namiji ne da na san abin da zan yi," ya ce.

"Ka sake ni in kana so. Ba ni da ƙarfin roƙo."

"In sake ki in kai ki ina? Kunna mini abin nan, akwai sauran shaguna."

Ta kunna. Baturiya ta ce a miƙe.

Bai sake ta da maganar ba, a mota ko a gida. Kwanakin nan ko rediyonsa ba mu ji ba. Sai ranar Juma'a, da suka iso mararrabar Be, ya gangara gefen kwalta ya tsaya.

"Ni na gama zagaye, Maman Elom. Ƙwaina ba zai ƙara shiga yashin nan ba. Mai son layin ya taka da ƙafarsa."

"Wayar fa? In na tafi da ita allonka zai makance."

"Bar ta a kujera. Ita nake bukata."

Ta so ya ce wani abu daban, ko da zagi ne, don ta samu dalilin zama. Bai ce ba. Ta ajiye wayar, ta sauko, motar ta shige cikin 'yan acaɓa.

Layin ya fi yadda ta san shi tsawo. A mota ba a jin zafin yashi, ba a gaisawa da kowa. Sau biyu tana tsayawa ta dafa katanga, a na biyun har ta waiwaya, amma babu abin da ke jiranta a bakin titi. Ta isa rumfar ta tsaya a rana, hannu biyu babu komai, ko ƙyallen da za ta ce ta kawo ɗinki.

Kafui ba ta ɗago ba. Ta kai ƙarshen layin ɗinkin da take yi, ta yanke zare da haƙori. Sannan ta miƙa ƙafa ta turo wani ɗan benci zuwa bakin inuwa, ta ɗauki wani hannun rigar ta sa a keke.

Akpene ta zauna.