Ranar da Ziblim Ya Kushe Miyar Matarsa

Duk wanda ya taɓa leƙa filin golf da ke bayan garin Tamale ya ga Ziblim Tahidu, ko da bai tambayi sunansa ba. Shi ne dogon nan mai ƙafafu kamar na zalɓe, wanda ya shekara talatin yana saɓa jakar sanduna yana bin manya a baya. Golf kuwa, ga wanda Allah ya hutar da ganinsa, wasa ne da ƙatti masu hankalinsu suke dukan ƙwallo ƙarama kamar ƙwan zabuwa, su bi ta cikin rana, su sake dukanta, har ta faɗa rami. Sai su tafa wa juna.

Ɗan manomi ne daga Gbalahi. Yankan ciyawa ya kawo shi filin, daga nan ya koma ɗaukar jaka, ya auri Safiatu, 'yar zango mai injin niƙa a Changli. Gidan nan, tun asuba injin ke ruri, awaki na kuka, rediyo na wa'azi, Safiatu kuma tana saman su duka. A cikin wannan hayaniya Ziblim ya koyi bugu. Ya rataya tsohuwar tabarma a bangon bayan gida, kullum yana narka mata ƙwallo, bai taɓa kuskure ba. Har likitoci da lauyoyi suka riƙa neman shawararsa in hannunsu na rawa.

"Yallaɓai, saki kafaɗa," in ji shi. "Riƙe sandar kamar ɗan tsako ne a hannunka. Ja numfashi, sake shi, sannan ka buga."

Su maganin yana yi musu aiki. Shi mai maganin ne ba ya ji. Al'adar wasan ita ce, in mutum ya hau dandamalin farko ya ɗora ƙwallo a kan ɗan tsinke, kowa ya kama bakinsa, ko tari ba a yi. To da zarar shirun nan ya sauka, sai Ziblim ya fara jin bugun zuciyarsa a kunne, tafinsa ya jiƙe, ya shaƙe sanda kamar ya kama ɓarawo. A gasar masu ɗaukar jaka ya taɓa sarar ƙasa ya bar ƙwallo zaune tana kallonsa. Wata shekara ya buga ta daki mangwaro ta dawo bayansa. Ya sha rubutu, ya tauna goro, ya ƙirga numfashi har ya ga jiri. A banza.

Bana kafaɗarsa ta ƙi. Likita ya ce in ya ci gaba da saɓa jaka, hannun zai mutu. Ana haka sai ƙungiyar filin ta ce za ta ɗauki malamin koyar da wasa, mai albashi, wanda ba ya ɗaukar kayan kowa. Mutum biyu ke nema: Ziblim, da wani daga Kumasi mai farin takalmi da takardar shaida. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Abdulgafaru, ya ce ba ya son dogon zance. Ranar Asabar kowa ya hau dandamali ya buga a gaban manya, a ga wanda zai tsallake kwarin da ke gaba. In Ziblim ya faɗi, ba koyarwa, ba jaka, sai zaman gida kusa da injin.

Bai gaya wa Safiatu ba. Amma ranar Asabar ɗin ya fita bai karya ba, 'yarsu Suhuyini kuma ta ce ta ji Baba zai tsaya gaban manya. Safiatu, da ba ta taɓa taka filin ba tun aurensu, ta zuba tuwo da miya a kwano, ta tare yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, sai filin.

Na Kumasi ya riga ya buga, ƙwallonsa ta tsallake kwarin da ƙyar. Ziblim ya hau, ya soka tsinke, ya sunkuya. Shiru ya sauka.

Abin da Safiatu ta tarar ke nan: maza wajen ashirin a jere, hannu a baya, fuska a murtuke, ɗaya har ya cire hula, ga mijinta a tsakiya kai a ƙasa ba ya motsi. A Changli maza ba sa taruwa su yi shiru haka sai da gawa a gabansu. Ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Baban Suhuyini, wa ya mutu?"

Daidai lokacin sanda ta kai sama. Muryar nan da ya shekara ashirin da takwas yana bugu a ƙarƙashinta ta shiga kunnensa, kafaɗa ta saki da kanta, sai ji aka yi ƙau! Ƙwallo ta tashi ta wuce kwarin, ta wuce ta mutumin Kumasi, ta tafi har sai da ido ya gaji. Wani lauya ya saki baki har goro ya faɗo. Alhaji ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ziblim kansa ya duba sandar kamar wani ne ya ba shi aro.

"Sa'a ce," in ji na Kumasi. "Firgita ya yi."

Alhaji ya gyaɗa kai. "A sake, cikin natsuwa, don kada a yi ƙorafi." Ya dubi Safiatu. "Mma, ba wanda ya mutu. Wasa ne. Ki taimake mu da shiru."

Safiatu ta dubi manyan nan, kunya ta rufe ta, ta ja mayafi ta toshe baki. Abin da maƙwabta suka yi shekaru suna roƙon Allah, ga shi ya faru a ranar da bai kamata ba.

Ziblim ya sake soka tsinke. Shiru ya dawo, gumi na bin sanda. A nan ne, yana sunkuye, ya gane ciwonsa. Ya ɗago a hankali, ya dubi matarsa da kwanonta, ya yi addu'a a zuci irin ta mai shiga kogi.

"Safiatu," ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "in miyar ayoyon jiya ce a kwanon nan, ki mayar. Ruwa ce zalla. Ta Abibatu maƙwabciyarmu ta fi ta."

Wani likita ya ce, "Subhanallahi." Alhaji ya ja da baya taku biyu, don shi ma yana da mata.

Safiatu ta ajiye kwano a ƙasa, a hankali, ta sauke mayafi.

"Miyata? Kai, Ziblim? Kai da na tsinto daga Gbalahi kana cin tuwo da gishiri? Abibatu da ko ruwan zafi sai ta ƙona? Dube shi, dogon banza, wuya kamar na tulu! Shekara ashirin da takwas kana lashe kwano har sai na ƙwace..."

Ziblim ya lumshe ido kamar wanda aka kunna wa fanka. Ya ja numfashi, ya sake shi, ya buga. Wannan ta fi ta farko nisa. Ba wanda ya tafa, don duk sun daskare, rabi na kallon sama, rabi na kallon Safiatu, wadda ba ta ma kai tsakiyar jawabinta ba.

Na Kumasi ya ce doka ta hana surutu. Alhaji ya ce doka ta hana a dami mai bugu, wannan kuwa shi ya nema da bakinsa. Aka ba Ziblim aiki.

Kwana tara yana cin wake da shinkafa a bakin titi kafin a sake zuba masa tuwo a gida. Yanzu yana yawo a filin hannu a aljihu, da 'yar rediyo a ƙirji tana ƙara ƙasa-ƙasa, yana ce wa manya su saki kafaɗa. Jaka kuwa bai sake saɓa ta ba. Abibatu ce dai har yau take tambayar mutane laifin da ta yi wa Safiatu.