'Yan Fashin Tukunyar Mama

A wata Juma'a ta watan Oktoba, shekarar 2011, da misalin ƙarfe bakwai na safe, Mama ta fito da tukunyar miyar kuka daga firij, ta ɗebo da ludayi, ta ɗaga sama ta karkata. Miyar da ta kaɗa jiya da kaurinta, sai ga ta tana zuba tsararo kamar ruwan wanki, alhali tukunyar tana cike daidai inda ta bar ta. Ina tsaye a bakin kicin da rigar zuwa coci, don a can Juma'a ce ranar hutu da zuwa coci, shekaruna tara. Mama ba ta yi ihu ba. Ta dai ɗaga murya yadda kowane ɗaki zai ji, ta ce: "Wanda yake shan miyata yana cikewa da ruwa, ranar Litinin mai gidan hayar nan zai zo. Zan faɗa masa, kalas, magana ta ƙare."

A unguwar Satwa muke a lokacin, can ƙasar Larabawa, cikin wani tsohon gidan Larabawa mai tsakar gida, wanda aka yanyanka ɗakunansa da katako. Babana gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, sai ya yi mako biyu a wurin aiki bai dawo ba. Kicin ɗaya ne, firij ɗaya, kowane ɗaki da layinsa da sunansa a manne. Aikina a tsare yake: in share tsakar gida, in cika robobin ruwa, in je gidan burodin kwanar layi in karɓo mai zafi, sannan in yi wasa. Carafke muke yi da ƙwallon dabino, ni da 'ya'yan telan Pakistan da ke maƙwabtaka da mu, kuma ni ce mai tsayawa a kan doka. Shi ma mai gida dokarsa ɗaya ce tak: wanda aka kama da taɓa kayan wani, a ranar zai kwashe nasa ya fita. Gauro baƙar fata kuwa kafin ya sake samun wurin kwana a unguwar, sai ya sha wuya.

Na san masu laifin. Samari uku ne 'yan ƙasarmu da ke ɗakin ƙarshe: Kawu Bitrus direba, Kawu Yohanna mai gadi, da Kawu Sabi'u Bakano mai ɗaure kayan kargo a unguwar Port Saeed. Wata rana na dawo makaranta na tarar da Kawu Bitrus da ludayi a hannun dama, kofin ruwa a hagu, sauran biyun suna jiran layi. Ba yunwa ce ke damunsu ba. Shinkafa da kaza suna ci har su ƙoshi. Ƙamshin daddawa ne ba su iya jurewa, ita kuwa Mama kukarta da daddawarta sai wani ya zo daga gida take samu. Ina jin haushin abin da suke yi, amma ba na so a kore su, don su ne ke kirana Monita maimakon Rifkatu, su ne ke ɗora ni a wuya in ana wasan wuta a sama.

A wannan Juma'ar, bayan an tashi daga addu'ar Mas, Malam Istifanus ya tara mu 'ya'yan Hausa a inuwar katangar coci kamar yadda ya saba. Dattijo ne mai son labarin waliyyai. Ya ba mu labarin Waliyyi Faransis da 'yan fashin da ke ɓoye a daji kusa da gidan 'yan'uwansa masu ibada. Waliyyin bai ce a kore su ba, sai ya tsara abin da za a yi. Ranar farko a kai musu burodi da ruwan inabi, a shimfiɗa ƙyalle a ƙasa, a kira su 'yan'uwa, in sun ƙoshi a roƙe su abu ɗaya ƙarami, don in aka roƙi komai a lokaci guda ba za su ji ba. Rana ta biyu a ƙara da ƙwai da cuku, sannan a roƙi babban. Sauran yara sun fi son wurin wuƙaƙe da daji. Ni tsarin ne ya shiga raina. Na ƙirga da yatsa: Juma'a, Asabar, Lahadi. Kwanakin sun isa.

Da la'asar Mama ta tafi taron mata. Na ɗauki tsohon zanenta na shimfiɗa a ƙofar ɗakin ƙarshe, na ajiye burodina na rana da kwalbar zoɓona, tunda ruwan inabi ba ni da shi, ko da akwai ma Kawu Sabi'u ba ya sha. Na miƙe tsaye na ce da ƙarfi: "'Yan'uwana 'yan fashi, ku fito!" Can Kawu Sabi'u ya leƙo ya ce, "Bitrus, fito, danginka sun zo." Kawu Bitrus ya ce, "Kai da ka sha ludayi uku?" Suka zauna suna dariya, na zuba musu zoɓo bi da bi, babba kafin ƙarami. Da suka gama na ce roƙona ɗaya ne: in sun sha, su daina zuba ruwa. Kawu Yohanna ya ce, "Monita, wato shan bai dame ki ba?" Na ce wannan maganar gobe ce. Dariyarsu ta ragu.

Ranar Asabar na dafa ƙwan da aka ware mini na tafiya makaranta ranar Lahadi, ranar da ake komawa aji a can, na yanka shi uku da zare, na raba cukuna ɗan ƙarami da wuƙa. Wannan karon ba sai da na kira ba, na tarar da su a zaune. Kawu Sabi'u ya daɗe yana kallon ɗan yankin ƙwan a tafin hannunsa, ya tambaye ni me zan ci gobe a makaranta. Na ce wannan ba ya cikin tsari. Sannan na yi babban roƙo: su je da ƙafarsu su faɗa wa Mama kafin Litinin. Kawu Bitrus ya ce, "Maman Rifkatu fa? Gara ɗan sanda." Na naɗe zanen na tafi, ina jin tsoro, don Malam bai faɗa mana abin da ake yi ba in 'yan fashin sun ƙi.

Ranar Lahadi da yamma Mama tana yanka albasa, sai ga su a jere a bakin kicin. Kawu Sabi'u na gaba da ƙullin kuka da daddawa da ya roƙo wurin wani Alhaji ɗan kasuwa, Kawu Yohanna da ledar naman rago, Kawu Bitrus a baya da tukunyar gas a kafaɗa, yana ɓoye fuskarsa da ita. Suka durƙusa. Mama ta bar su a haka har ta gama albasar. Sannan ta ce: "Ƙattin banza. Da kun ce kuna so, hana ku zan yi? Ruwan nan ne ya ƙona mini rai." Ta yanke hukunci: nama nasu, ɗaukar gas da wanke tukunya nasu, girki nata, kowace Juma'a. Da ta ji yadda aka yi, ta ja mini kunne saboda zanenta, ta kuma juya baya tana dariya har kafaɗunta na rawa. Ranar Litinin mai gida ya zo, ta kai masa ƙarar famfo mai yoyo.

Shekara huɗu muka yi muna cin tuwon Juma'a a tsakar gidan nan, kwano ɗaya na maza, ɗaya namu, kafin a rushe layin gaba ɗaya. Kawu Yohanna ya koma gida, Kawu Bitrus yana wata ƙasa, Kawu Sabi'u har yau yakan kira Mama ranar Kirsimeti. Ni yanzu ina hawa na tara a wani dogon bene, ƙofata da mukulli biyu, ban san sunan maƙwabcina ba. In na yi girki, babu mai leƙowa. Ban taɓa zaton zan yi kewar ɓarayi ba.